Mutumin Mayo a Tsibirin Duwatsu

Ko da tsufa zai kwashe mini komai a ka, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tafi yawon buɗe ido wani tsibiri a ƙasar Ailan, na kusa hana ɗaurin auren wasu bayin Allah da ban taɓa gani ba.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san girman wanda ya faɗi. A unguwar Mayo aka haife ni, can kudancin Khartoum. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa da niyyar aikin Hajji, gonakin auduga na Jazira suka riƙe su, mu kuma muka tashi a birni muna cakuɗa Hausa da Larabci a jimla ɗaya. Ina da ɗan shagon kayan waya a kasuwar Sahafa, kuma a layinmu ba mai kirana da sunana sai Tarjuman, wato tafinta. Ɗaliban Najeriya da Nijar da ke zuwa karatu, ni nake raka su wajen masu gidan haya. Ina gaida ɗan ƙabilar Dinka da yarensa, ina gaida Bahabashe da nasa, har wani ɗan Sin mai kawo mana caja ina gaisawa da shi. (Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, a duk yarukan nan gaisuwar ce kaɗai na iya. Da mutum ya amsa ya ɗora wata magana, sai in yi dariya in dafa kafaɗarsa in ce, "Tamam, tamam." Shekara da shekaru ba wanda ya gano ni.)

Ƙanwata Nafisa likita ce a wani asibiti a birnin Galway. Da ta haifi ɗanta na fari, ta yi ta fama har aka ba ni biza, na tafi suna a madadin gida. (Wannan kafin yaƙi ne, lokacin da babbar damuwarmu ita ce ɗauke wuta.) Aka yi suna, aka watse, mijinta ya koma aiki, ni kuma na zauna ina kallon ruwan sama ta taga kamar wanda aka ɗaure. A nan ne wata maƙwabciyarsu ta ba ni labarin tsibiran Aran. Ta ce can cikin teku suke, duwatsu ne zalla, kuma mutanen wurin har yau ba Turanci suke yi a tsakaninsu ba, yaren Ailan na asali suke yi, wanda yawancin mutanen birni ma ba su iya sosai ba.

Yare! Nan take jinina ya motsa. Na sa matar nan ta koya mini gaisuwa. Ta ce "Jiya gwic." Na ce wannan ai kyauta ce, rabinta Hausa ce. Na ce to yaya ake cewa "e"? Ta ɗan yi jim, ta fara bayanin cewa abin ba haka kai tsaye yake ba, amma ana iya cewa "sha". Ban bari ta ƙarasa ba. Jiya da sha. Wanne Bahaushe ne zai kasa?

Nafisa tana jijjiga jariri tana kallona. Ta ce, "Yaya, don Allah ka bari sai ranar hutu mu je tare. Turancin mutanen ƙauyen nan ko ni sai na kasa kunne."

Na ce, "Ke Nafisa, ni da nake ciniki da Dinka?"

Ta ce, "To jirgin ruwa fa? Teku ne, ba Nilu ba ne."

Na ce, "Tun kina goye nake hawa kwale-kwale zuwa tsibirin Tuti."

Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ka riƙe fasfonka da kyau, kada ka ba kowa."

Da safe na caɓa ado. Farar jallabiya mai guga, rawani na naɗa shi tsaf, takalmin fata irin namu, sannan na ɗora rigar ruwan mijin Nafisa mai ruwan ɗorawa a sama. Nufina in ɗauki hotunan da za su girgiza Mayo. Fasfo na sa shi a aljihun ƙirji, kowane ɗan lokaci ina shafa shi in ji yana nan.

Maganar jirgi kuwa, mu taƙaita. Nilu kogi ne mai tarbiyya. Wannan teku ba shi da iyaye. Jirgin ya hau sama ya faɗo, ya karkata hagu ya karkata dama, waken ful ɗin da na ci da safe ya fara neman hanyar komawa gida. Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Abin da ya ɗan sanyaya mini zuciya shi ne wani dattijon Bature mai kwat da jan wuya, wanda ya fi ni shiga uku. Tun tsakiyar teku ya shige banɗaki ya kulle, muna jin nishinsa.

Da muka iso na sauka kaina na juyawa, iska na neman tafiya da rawanina. Masu kekunan haya da masu keken doki suna ta kiran baƙi. Sai kawai na ji wata murya daga bakin wata farar mota tana cewa, "Mayo? Mayo?"

Jama'a, ku yi mini adalci. Mutumin da ya kwashe rayuwarsa a tashar mota yana jiran kumsari, wato kwandasta, ya leƙo daga ƙofar bas ya yi ihun "Mayo! Mayo!", in ya ji wannan kalma ba ya tunani. Hannuna ne ya ɗaga kansa. Ƙafafuna ne suka ruga, don a garinmu in ka tsaya tunani wani ya zauna a kujerarka. Kafin hankalina ya iso, na riga na zauna a gaban mota na ja ƙofa.

Direban wani ƙaton mutum ne mai furfura, sanye da kwat da fure a ƙirji. Ya dube ni daga rawani har takalmi, ya ɗan yi turus, ya ce da Turanci, "Kai ne na Mayo?"

Na ce, "Haihuwa da girma." Sannan na gyara murya na saki makamina: "Jiya gwic!"

Fuskarsa ta washe. Ya buga sitiyari, ya amsa da wata doguwar magana da yarensu, ya ce sunansa Porik, ya tayar da mota. Ni kuma daɗi ya cika ni. Na ce a raina, ashe Nafisa ta yi mini tanadin mota ba ta faɗa ba, yarinyar kirki. Kuma ashe sunan unguwarmu ya kai har tsakiyar teku! Na ba kaina dalili nan da nan: Turawan ƙungiyoyin agaji suna yawan shigowa Mayo, wataƙila wannan ma ya taɓa haƙa mana rijiya.

Abin da ban sani ba, kuma ba wanda ya ga dalilin gaya mini, shi ne a Ailan ma akwai Mayo. Lardi ne guda, maƙwabcin Galway. Ku riƙe wannan a ranku, ku ji hirar da muka yi.

Porik ya ce, "Yaya ruwa a Mayo?"

Na ce, "Wane ruwa? Tun bara ba mu ga ɗigo ba. Zafi kamar a gasa mutum."

Ya fashe da dariya har motar ta kusa shafar katanga. Ya ce, "Ta wane gefe kake?"

Na ce, "Bayan kasuwa, kusa da inda masu amalanken jakuna suke tsayawa."

Ya sake tuntsurewa. Ya ce mutanen Mayo dai ba sa rabo da barkwanci, ko da yake ƙwallo ta gagare su, kofi ya ƙi zuwa garinsu. Nan fa raina ya ɓaci. Na ce masa ƙungiyar layinmu ta ɗauki kofin Ramadan, kuma ba takalmi yaran suka buga. Sai da ya tsayar da mota ya share hawaye. Ni kuwa na ce lallai Allah ya yi mini baiwar hira da kowace irin al'umma.

Hanyar siririya ce, hagu da dama katangun duwatsu da aka jera ba siminti, gonaki ƙanana kamar tabarmi, saniya ɗaya a nan, jaki ɗaya a can. Bishiya kuwa ko ta rantsuwa ban gani ba. Na so in ce ya tsaya in ɗauki hoto, amma ya ce lokaci ya ƙure, ana jiranmu. Ana jirana! Na gyara zaman rawani.

Muka tsaya a wani farin gida cike da mata masu kwalliya, ana ta kai da kawo da furanni. Muna shiga Porik ya yi shela da yarensu, na tsinci kalmar Mayo a ciki, sai gidan ya ɗauki tafi. Wata mata ta rungume hannuna tana godiya. Aka zaunar da ni kusa da murhu, aka kawo shayi da madara da burodi mai zabibi. A nan na gane biki ake yi, na kuma yanke hukuncin cewa al'adarsu ce su ɗauko baƙo ɗaya daga jirgi don albarka. Mu ma ai in ana walima ba a korar mai wucewa.

Sai aka turo mini kakar amarya. Wata 'yar tsohuwa ce ƙarama, da baƙin mayafi da sanda, idanunta kamar na shaho. Porik ya ce mata ina jin yare. Ta kama hannuna, na ce, "Jiya gwic." Ta yi murmushi, ta jefo tambaya.

Na ce, "Sha."

Ta sake jefo wata, tana nuna ƙirjina.

Na ce, "Sha, sha." Kuma da yake ta nuna wajen aljihu, na shafa fasfona, na ɗan bubbuga shi.

Ta ɗaga hannu sama, matan suka sauke ajiyar zuciya. Ta yi tambaya ta uku da ɗan tsawo. Na dafa kafaɗarta a hankali na ce, "Sha. Tamam."

Daga baya aka fassara mini abin da na amsa. Ango ɗan lardin Mayo ne. Shi da danginsa sun iso tun jiya, suna wani masauki a ɗaya gefen tsibirin, kuma da suka buɗe jaka suka tarar an manta zobban aure a gida. Aka yi waya, wani maƙwabcinsu ya ce zai kawo a jirgin safe. Dangin amarya ba su san shi ba, an dai ce wa Porik, kawun amarya, ya je ya ɗauko mutumin Mayo. Tambayar tsohuwa ta farko: kai ne ka zo da zobban? Ta biyu: suna nan a aljihunka? Ta uku: ka riƙe su a wurinka har coci, kada a ba waɗannan shashashan su sake ɓatarwa, ka ji? Duk na ce sha.

Da aka ɗunguma zuwa coci na so in tsaya a waje, in ce musu ni Musulmi ne, zan jira a bakin ƙofa in yi musu fatan alheri. Amma ruwa ya kece, tsohuwa kuma ta maƙale hannuna kamar ta kama ɓarawo. Ta ja ni har layin gaba, ta zaunar da ni kusa da ita. Ga ni nan, farar jallabiya, rigar ruwa mai ruwan ɗorawa, rawani ya jiƙe ya karkace, a tsakiyar dangin amarya. Dangin ango daga ɗaya gefen suna leƙena suna murmushin ladabi, sun ɗauka wani babban baƙon gidan amarya ne. Angon kansa sai waige yake yi wajen ƙofa yana goge gumi. Porik ya ɗaga masa babban yatsa daga nesa, alamar komai ya yi daidai.

Aka yi waƙa, aka yi karatu, duk da yarensu. In sun tashi in tashi, in sun zauna in zauna. Har na fara gyangyaɗi, don ɗumin wurin ya ratsa ni. Sai na ji shiru. Na buɗe ido. Fada, limamin cocin, ya miƙo hannu yana jira. Ango yana kallon Porik. Porik yana kallona. Tsohuwa ta zungure ni da gwiwar hannu, ta nuna aljihuna, ta nuna Fada.

Na ce a raina, to, ga shi nan. Ƙasar Turawa ce, ba a zama shaidar aure sai an ga takardun mutum. Ai mu ma ma'azun, mai ɗaura aure, yakan tambayi katin shaida. Na tuna gargaɗin Nafisa, amma na ce malamin addini ne, ba zai gudu da shi ba.

Na miƙe. Na taka a hankali, takalmina na fata yana ƙara cakal-cakal saboda ruwa. Na isa gaban Fada, na ɗan rusuna, na zaro fasfona na Jamhuriyar Sudan, na ɗora masa a tafin hannu da hannu biyu.

Wallahi bawan Allahn nan sai da ya buɗe shi. Ya duba hoton, ya dube ni, ya juya shafi, wataƙila yana zaton zobban suna ciki. Ya girgiza shi. Katin rigakafin shawara ya faɗo ƙasa.

Na ga shirun ya yi yawa, kuma a garinmu ba a barin ango cikin shiru. Sai na ɗaga hannun dama sama, na kaɗa yatsu a kan angon yadda muke yi, na yi masa murna da Larabci da ƙarfi, "Abshir ya aris! Mabruk!"

Ango ya dube ni, ya ce da Turanci a hankali, "Yallaɓai, kai wane ne?"

Na ce, "Ni ne na Mayo."

Wata mata daga dangin ango, ina jin uwarsa ce, ta miƙe ta ce, "Wace Mayo?"

Na ce, "Mayo dai. Ta Khartoum."

Amarya ta sa furanninta ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ban sani ba kuka take ko dariya. Porik ya zama ja kamar gauta. A daidai nan ƙofar cocin ta buɗe da ƙarfi, iska ta shigo, ga dattijon nan na banɗakin jirgi. Ya jiƙe sharkaf, wandonsa duk taɓo, yana jan wani keken haya da sarƙarsa ta zube. Ashe kafin ya iya fitowa daga banɗaki kowa ya watse, wayarsa ba sabis, ya yi ta bulayi tsakanin katangu yana tambayar shanu hanya. Ya ɗaga wani ɗan akwatin zobba sama, yana haki.

Tsohuwar ce ta fara. Wata irin dariya ta saki mai kama da tari, tana buga sanda a ƙasa. Sai cocin gaba ɗaya ya ɗauka. Fada ya juya baya yana riƙe da ciki, fasfona har yanzu a hannunsa. Ni kuwa na tsaya a wurin ina roƙon ƙasa ta tsage, amma ƙasar dutse ce.

Da aka gama na karɓi fasfona na sulale, niyyata in ɓace. Sai a lokacin na gane sharrin tsibiri. A Khartoum in ka ji kunya sai ka tsayar da raksha, ɗan keke mai ƙafa uku, ka koma Omdurman, ba mai sake ganinka sai ka ga dama. A nan jirgi sai yamma. Ba bishiyar da za ka laɓe, katangun kuma iya ƙugu suke. Na samu wata na tsuguna a bayanta, na manta rigar da ke jikina ana hango ta daga wata ƙasa. Ba a jima ba Porik ya leƙo ta sama ya ce tsohuwa ta rantse ba za ta ci abinci ba sai an kawo mata mutuminta na Mayo.

Haka aka mai da ni. Aka zaunar da ni tsakanin tsohuwa da dattijon keke, wanda ya riƙe hannuna ya ce shekarunsa duka a Mayo bai taɓa sanin yana da ɗan'uwa mai rawani ba. Na ba shi haƙuri har sau ban san adadi ba, ma'alesh, ma'alesh. Ya ce ba komai, amma in ya zo tawa Mayon dole in ɗauko shi a tasha. Aka kawo kifi da dankali. Duk wanda ya zo gaishe ni sai ya tambaye ni wani abu da yarensu, jama'a su yi tsit suna jira in ce sha. Na kulle bakina gam. Ko da mai raba abin sha ya zo, hannu kawai na ɗaga masa, na nuna butar shayi.

A jirgin komawa na yi wa Nafisa waya, na ce mata tsibiri ya yi kyau, mutane masu karamci. Ta ce, "Yaya, wata nas a sashenmu 'yar tsibirin ce. Ta turo mini bidiyo." Sai na ji jariri na kuka ita tana shiɗewa da dariya. Kafin in sauka Khartoum bidiyon ya zaga dangi har na Wad Madani. Ranar da na buɗe shago, maƙwabcina mai gyaran waya ya zo da fuskar kirki ya ce ƙaninsa zai yi aure ranar Juma'a, don Allah in zo da fasfo.

Kafin in baro tsibirin dai na roƙi Porik ya koya mini abu ɗaya, yadda ake cewa "ban gane ba". Ya ce "Ni higim." Tun daga lokacin, duk yaren da zan taɓa, wannan nake fara nema kafin sannu, kuma ina ba duk mai son a kira shi Tarjuman shawarar ya yi haka. Sai dai in gargaɗe ku, ba ko'ina take aiki ba. Na gwada ta a kan matata Batula ranar da ta tambaye ni wa ya cinye naman da ta ajiye wa baƙi. Ta dube ni ta ce, "Za ka higim yanzun nan."